KUNNE MAI AWO: YADDA ƘWAƘWALWA KE GANE AMON KIƊA

 

Hirarmu ta yau ta fito ne daga tambayar wani dattijo, ɗalibin ajinmu, mai noman albasa a kwarin Tarka. Wata rana bayan an tashi daga karatu sai ya tsaya, ya ce mini: "Malam, sa'ad da nake yaro akwai wani mai goge a garinmu. In ya ɗaura sabuwar tsagiya, ba ya neman wani ya kaɗa masa tasa don ya gwada. Shi kaɗai zai ja, ya saurara, ya ƙara ja, har ya ce ta kai. Kuma kullum wuri ɗaya muryar gogen take tsayawa. Mutane suna cewa iskoki ne ke raɗa masa. Ko gaskiya ne?"

Na ce masa: "Baba, tambayarka babba ce. Likitoci da masana sun daɗe suna bin sawunta. Abin da suka gano shi ne, asirin yana cikin kan mutum, wato cikin ƙwaƙwalwa." To, amsar da na ba shi a taƙaice, ita ce zan buɗe muku yau daki-daki.

Mene ne amo?

Mu fara daga tushe. Duk amon da kuke ji, wani abu ne ke karkarwa. Ku ɗora ƴan ƙwayoyin gero bisa fatar ganga, ku buga ta, za ku ga geron yana tsalle. Fatar ce ke karkarwa. Ku ɗora yatsa a maƙogwaronku, ku ce "aaa". Za ku ji abin yana rawa a ƙarƙashin yatsa. Wannan karkarwa ita ke bin iska har ta iso kunne.

Amo yana da hali biyu da bai kamata mu gama su ba. Na farko shi ne ƙarfi: a yi magana a hankali ko a ɗaga murya. Na biyu shi ne kauri da siranta. Kukan sa yana da kauri. Kukan sauro siriri ne. Sauro ba shi da ƙarfi, amma muryarsa tana sama. Sa yana da ƙarfi, amma muryarsa tana ƙasa. Wannan hali na biyu shi ne zancenmu na yau.

Uwargida, kin san wannan abu sarai. In kina ɗura ruwa a tulu ko a jarka, ko cikin duhu ne kina sanin ya kusa cika. Da fari amon yana da kauri, yana ta hawa, yana sirancewa, har ruwa ya kai wuya. Ashe amo yana da matakai kamar tsani.

Me ke sa amo ya hau? Saurin karkarwa. In abu yana karkarwa a hankali, amo ya yi kauri. In yana karkarwa da sauri, amo ya sirance. Masana suna ƙirga wannan karkarwa cikin sakan ɗaya, wato ɗan lokacin da za ka ce "ɗaya" ka rufe baki. Muryar namiji babba, in yana magana, takan karkaɗa sau 100 da ƴan kai cikin sakan. Ta mace takan kai wajen sau 200. Kunnen yaro lafiyayye yana jin karkarwa tun daga sau 20 har zuwa sau dubu 20 cikin sakan.

Makaɗan Turai sun raɗa wa matakan sunaye: do, re, mi, fa, sol, la, si. Waɗanda suka yi makarantar boko sun taɓa jin su. In aka haɗa da ƙananan matakan da ke tsakani, sun zama 12, daga nan sai sunayen su sake farawa. A shekarar 1939 aka yi taro a Landan, aka shirya cewa matakin da ake kira "la" shi ne karkarwa sau 440 cikin sakan. In an ninka, ya zama 880, sunansa "la" har yanzu, sai dai na sama. Shi ya sa uba da ƙaramin ɗansa suke iya rera waƙa ɗaya tare, a ji ta daidai, ko da yake muryar yaron tana sama.

Hanyar amo cikin kunne

Kunnen da muke gani a waje, aikinsa tara amo ne, kamar mazurari. Amo ya bi rami ya isa dodon kunne, wata ƴar fata marar kauri. Sai ta kama karkarwa kamar fatar kalangu. Bayanta akwai ƴan ƙasusuwa 3 a jere. Su ne mafi ƙanƙanta a jikin mutum. Ƙaraminsu bai kai ƙwayar shinkafa ba. Su ke karɓar karkarwar, su miƙa ta ciki.

A can ciki akwai wani abu mai siffar katantanwa, girmansa kamar ƙwayar wake, cike da ruwa. In da za a warware shi, tsawonsa bai wuce santimita 3 da rabi ba. Cikinsa akwai wata ƴar shimfiɗa doguwa. A bakin ƙofa shimfiɗar a ɗaure take tamau, a can ƙurya kuwa sako-sako take. Kun san tsarkiyar gurmi: wadda aka ja sosai muryarta siririya ce, wadda aka sassauta muryarta mai kauri ce. Haka nan abin yake. Siririn amo bakin ƙofa yake kaɗawa. Amo mai kauri sai ya wuce can ƙurya. Kowane mataki yana da wurinsa. Wani masani ɗan ƙasar Hangari, Georg von Békésy, shi ya nuna haka, har aka ba shi lambar girma ta Nobel a 1961.

Bisa shimfiɗar akwai ƴan halittu masu gashi-gashi a kai, wajen dubu 15 a kowane kunne. In wurinsu ya kaɗa, sai gashin ya lanƙwasa, su aika saƙo ta jijiya zuwa ƙwaƙwalwa. Ku riƙe wannan da kyau, za mu komo kansa: in waɗannan ƴan halittu suka mutu, ba sa sake tsirowa.

Inda saƙo yake sauka

Saƙon yana bin jijiya, yana yada zango a wurare da dama, har ya isa wani sashe na ƙwaƙwalwa da ke gefen kai, bisa kunne kaɗan, dama da hagu. Can ma a tsare abin yake. Ku tuna da lambun albasa. Ruwa yana fitowa daga rijiya, ya bi hanya, kowane fangali da ƙofarsa. To, haka sashen ji yake: amo mai kauri da fangalinsa, siriri da nasa.

Kowa da kowa yana da wannan tsari, ni da ku da mai gogen nan. Kunnensa da namu iri ɗaya ne. Bambancin yana cikin abin da ƙwaƙwalwa take yi da saƙon bayan ya iso.

Kunne iri biyu

Mu je kasuwar Buza. Ga tarin gero biyu a ƙasa. Kowa ya duba zai iya cewa wannan ya fi wancan. Amma akwai wata tsohuwa mai awo, wadda in ta dubi tari ɗaya tak, ba tare da wani a kusa ba, sai ta ce: "Wannan tiya bakwai ne." A auna, a tarar haka ne.

Yawancinmu irin na farko ne wajen ji. In an kaɗa mana amo biyu, mun san wanda ya fi hawa. In mawaƙi ya ba da waƙa, ƴan amshi sun kama daga inda ya tsaya. Wannan mu kira shi kunne mai kwatance. Da shi muke gane waƙa ko an fara ta sama, ko an fara ta ƙasa.

Amma akwai ƴan mutane kaɗan irin tsohuwar nan. A kaɗa musu amo ɗaya tak, su ce "wannan fa ne", ko "wannan la ne", nan take, ba tunani. A ce musu "yi mana sol", su yi shi daidai ba tare da sun ji wani abu ba. Ƙahon mota, ƙarar injin ban ruwa, ƙarar tasa in ta faɗi, duk suna jin matakinsu, kamar yadda kake ganin rini ka ce baƙi ne ko ja. Wannan mu kira shi kunne mai awo.

An san labarin wani makaɗi ɗan ƙasar Ostiriya mai suna Mozart. A 1763, yana ɗan shekara 7, aka rubuta cewa in an kaɗa amo a wani ɗaki, shi yana wani ɗakin, yakan faɗi sunan amon, har na ƙararrawa da na agogo.

Makaɗanmu na gargajiya ba da do, re, mi suke aiki ba. Saboda haka mai irin wannan kunne a cikinsu, ba ta faɗin suna za a gane shi ba. Za a gane shi ne ta aikinsa: ya ɗaure tsarkiya yau, ya ɗaure ta bayan wata guda, ta tsaya mataki ɗaya.

Me aka gani cikin ƙwaƙwalwarsu?

Yanzu akwai na'urorin da ke ɗaukar hoton ƙwaƙwalwar mutum yana raye, ba yanka, ba ciwo. Wasu suna nuna siffarta. Wasu suna nuna sashen da ke aiki a lokacin, don jini ya fi gudu zuwa inda ake aiki.

Abu na farko. A 1995, a ƙasar Jamus, likita Gottfried Schlaug da abokan aikinsa suka ɗauki hoton makaɗa 30 da wasu mutane 30 da ba makaɗa ba. Suka auna wani ɗan fili da ke bayan sashen ji. A yawancin mutane, filin hagu ya ɗan fi na dama girma. Amma a makaɗa masu kunne mai awo, wannan fifiko na hagu ya fi yawa ƙwarai. Ku lura, wannan fili na hagu yana cikin wuraren da ke aikin fahimtar magana.

Abu na biyu. A 1998, a birnin Montreal na Kanada, Robert Zatorre da abokansa suka sa makaɗa suna sauraron amo, na'ura tana kallo. A masu kunne mai awo, da amo ya shiga sai wani wuri a gaban kai, ta hagu, ya kama aiki. An san wurin nan da aikin ƙulla abu biyu: ga alama, ga sunanta. A sauran makaɗa wurin bai motsa ba sa'ad da suke saurare kawai. Da aka ce kowa ya gwada amo biyu, sai sauran makaɗan suka ta da wani wuri ta dama, inda ake riƙe abu na ɗan lokaci. Masu awo ba su bukaci haka ba.

Ga misalin da zai sa ku gane. An aiki mutum biyu da saƙon lamba. Na farko bai iya rubutu ba, yana tafe yana maimaita lambar a ransa, in wani ya tare shi da gaisuwa mai tsawo sai ta ɓace. Na biyu ya rubuta ta a takarda, ya sa aljihu, ya tafi abinsa. Mai kunnen kwatance shi ne na farko: dole ya riƙe amo a ransa har na biyu ya zo. Mai kunnen awo shi ne na biyu: da ya ji amo ya sa masa suna, ya ajiye.

Abu na uku. Binciken da aka yi daga baya ya nuna cewa, a masu wannan kunne, jijiyoyin da ke haɗa sashen ji da sassan da ke kusa da shi sun fi kauri. Hanya ce da aka bi yau da gobe har ta zama gwadabe.

Ashe ke nan, asirin shi ne wannan: kowa yana jin matakin amo, amma mai kunnen awo ƙwaƙwalwarsa ta ƙulla kowane mataki da suna, ƙulli mai ƙarfi.

Gado ne ko koyo?

Duka biyu ne. A 1998 masana a San Faransisko ta Amurka suka tambayi makaɗa fiye da 600. Cikin waɗanda suka fara koyon kiɗa suna shekara 4 ko ƙasa da haka, kashi 40 cikin 100 suka ce suna da wannan kunne. Cikin waɗanda suka fara suna shekara 9 ko fiye, kashi 3 ne kawai. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Amma ku duba lissafin da kyau. Ko cikin waɗanda suka fara da wuri, fiye da rabi ba su samu ba. Kuma an tarar abin yana bin dangi: mai wannan kunne sau da yawa yana da ɗan'uwa mai irinsa. Wato iri daban, ruwan sama daban. Iri mai kyau in bai sami ruwan shuka a kan kari ba, ba ya yin komai. Ruwa kuma in ya zuba inda ba iri, sai ciyawa.

Wannan ba baƙon abu ba ne gare mu. A ƙasar Hausa kiɗa sana'ar gado ce. Ɗan makaɗi yana goye ake zuwa da shi wurin biki. Kafin ya iya tafiya sosai an rataya masa kuntukuru ko ƴar ƙaramar ganga. Ya sami irin, ya sami ruwan.

Akwai kuma zancen makafi. A 2004 aka yi bincike a Amurka a kan mutanen da suka makance tun suna ƙanana. Cikin waɗanda suka koyi kiɗa, fiye da rabi suna da kunne mai awo. An kuma gano cewa a makafi, sashen ƙwaƙwalwa da ya kamata ya yi aikin gani ba ya zama banza, yakan taya ji da taɓawa aiki. Saboda haka yaro makaho ba abin a bari a zaure ba ne. Kansa yana da fili mai albarka, sai dai a shuka.

Harshenmu da kalangu

Yanzu ku faɗi kalmomin nan da ƙarfi, ku saurari kanku. "Kuka" na yaro mai jin yunwa, da "kuka" ta miya. "Wuya" da ake rataya dutse, da "wuya" ta wahala. "Fara" mai cin gero, da "fara" aiki. A takarda baƙaƙensu ɗaya ne. A baki kuwa hawa da saukar murya ke raba su. A "kuka" na hawaye murya tana sama har ƙarshe. A "kuka" ta miya murya ta hau, ta sauko. Wannan shi ake kira karin sauti. Faransanci ba ya raba kalmomi ta haka. Hausa tana yi.

Shi ya sa kalangu yake magana. Makaɗi ya matse tsarkiya a hammata, fata ta ɗaure, amo ya hau. Ya sassauta, amo ya sauko. Yana bin hawa da saukar kalmomi ne. Ɗan dambe yana can bayan fage ya ji takensa, tsikar jikinsa ta tashi, alhali ba wanda ya kira sunansa da baki. Manomi a gayya ma haka, in gangar noma ta ambace shi.

Sinanci ma harshe ne mai karin sauti. A 2006 wata masaniya mai suna Diana Deutsch ta gwada ɗaliban makarantar kiɗa ta birnin Bejin da na wata makarantar kiɗa a Amurka. Cikin waɗanda suka fara koyo suna shekara 4 zuwa 5, wajen kashi 60 cikin 100 na ɗaliban Sin suna da kunne mai awo. Na Amurka kuwa wajen kashi 14 ne. Ita tana ganin yaron da ya tashi cikin harshe mai kari, tun yana jariri yake koyon cewa matakin murya yana ɗauke da ma'ana. Wasu masana kuma suna ganin gado da irin koyarwar makarantun can suna da nasu hannu.

Amma kada mu yi gaggawar cewa duk Bahaushe yana da kunne mai awo. Karin Hausa da kwatance yake aiki. Tsoho mai kakkaurar murya da ƴar yarinya duk suna cewa "kuka", mu gane su, ko da yake matakansu sun yi nisa da juna. Kuma in muna magana mai tsawo, murya tana gangarowa sannu-sannu har ƙarshen zance. Abin da za mu iya cewa shi ne: duk wanda ya sha Hausa a nono, ƙwaƙwalwarsa ta saba sauraron hawa da saukar murya dare da rana. Wannan jari ne.

Kowa yana da ɗan rabonsa

A 1994 wani masani, Daniel Levitin, ya tara mutane 46 a Amurka, yawancinsu ba makaɗa ba. Ya ce kowa ya rera waƙoƙi biyu da ya saba ji, daga ka. Sai ya gwada da faifan asali. Kashi 40 cikin 100 sun faɗa daidai matakin mawaƙin, aƙalla a waƙa ɗaya. Wasu da yawa sun kusa ƙwarai.

Wato matakin yana ajiye a kan mutane da yawa, suna ne kawai babu. Mai lambu yana kwance ya ji injinsa daga nesa, ya ce: "Yau muryarsa ta sake, mai ya kusa ƙarewa." Mai sayen tukunya ta ƙwanƙwasa ta ji ko da tsaga. Makiyayi ya san kukan saniyarsa cikin garke.

Kuma kada ku ɗauka kunne mai awo shi ne gwaninta. Manyan makaɗa da yawa a duniya ba su da shi. Abin da ya sa ake tuna Ɗan Gurmu na Tawa, har aka sa wa gasar kiɗa sunansa, ko Mamman Shata da kalangunsa, ko Ɗan Maraya Jos da kuntiginsa, shi ne hikimar magana da zaƙin kiɗa da sanin zuciyar jama'a. Kunne mai awo ma yana da nasa nauyi. In an fara waƙar da ya sani a wani mataki daban, mai shi yakan ji abin ya dame shi, alhali kowa yana rawarsa. Kuma in tsufa ya zo, awon yakan goce kaɗan, ya riƙa jin amo sama da inda yake.

To, babba fa?

Dattijon nan da ya yi tambaya, da na kai nan sai ya yi shiru. Ya ce: "Ashe mu da muka tsufa, ƙofa ta rufe." Na ce: "A'a, Baba, ba ta rufe ba. Ta dai yi nauyin turawa."

An daɗe ana cewa babba ba ya koyon wannan kunne. A 2019, a jami'ar Cikago ta Amurka, aka zaɓi manya 6 masu riƙe amo da kyau, aka horar da su mako 8. Biyu daga cikinsu suka kai matsayin masu kunne mai awo.

Ga kuma wanda ya fi shafarku. A 2010 wani masani Bafaranshe, Stanislas Dehaene, da abokansa suka ɗauki hoton ƙwaƙwalwar mutane 63 a Birazil da Fotugal. Goma ba su iya karatu ba. Mutum 31 sun koya tun suna yara. Sauran 22 kuwa sai da suka girma suka koya, kamar ku. Da aka nuna musu rubutu, wani wuri a bayan kai ta hagu ya kama aiki a kan masu karatu, har da waɗanda suka koya da girma. Karatu ya sake musu tsarin ƙwaƙwalwa, ko da furfura.

Ku tuna ranar da kuka fara shiga aji. "B" da "ɓ" duk zane ne kawai a allo. Yau da kun gan su, sunansu ya faɗo bakinku, ba tunani. Kun ƙulla alama da suna. Irin ƙullin da mai kunnen awo ya yi da amo, shi kuka yi da baƙaƙe. Shi ya yi nasa yana yaro, cikin wasa. Ku kun yi naku da girma, bayan gajiyar gona da daka. Gemu ba ya hana ilimi.

Mu tsare kunnuwan yaranmu

Duk wannan baiwa, ƙofarta ɗaya ce: ƴan halittun nan masu gashi da ke cikin katantanwa. Mun ce in sun mutu ba sa komowa. Yaron da ya kurumce tun yana ƙarami, ba kiɗa kawai ya rasa ba. Magana ma za ta yi masa wuya, karatu kuma haka. Ga abin da ya kamata mu yi:

1. Sanƙarau yana cikin manyan masu kurumtar da yara a ƙasarmu, musamman lokacin zafi da ƙura. Hukumar lafiya ta duniya ta ce cikin mutum 5 da suka tashi daga sanƙarau mai tsanani, ɗaya yakan zauna da lahani, kamar kurumta. In yaro ya yi zazzaɓi mai zafi, wuya ya sanƙare, a kai shi gidan likita ranar nan, kada a kwana.

2. In an yi shelar allurar rigakafin sanƙarau ko ta ƙyanda, a kai yara duka.

3. Kunne mai zubar da ruwa ko mugunya ba abin rainawa ba ne. Kada a ɗura masa komai, a nuna wa likita.

4. Kada a sosa kunne da tsinke, ko gashin kaza, ko ashana. Dodon kunne ba shi da kauri.

5. Ƙara mai yawa tana kashe ƴan halittun nan sannu a hankali. Kada a tsaya da goyo kusa da injin niƙa, ko gaban lasifika a wurin biki. Ga ma'auni: in sai ka yi ihu kafin wanda ke kusa da kai ya ji ka, ƙarar ta yi yawa.

6. Uwa, ki yi wa ɗanki waƙa da tatsuniya. Jariri yana fara ji tun yana ciki, a watannin ƙarshe. In kin lura ba ya firgita da ƙara, ko ba ya waiwayo in an kira shi, ki faɗa wa likita da wuri.

Gwaji da tambayoyi don aji

Ga wani gwaji. Ku zaɓi waƙar da kuka fi sani. Wanda ke da wayar salula ya ɗauki muryar mutum 5, kowa shi kaɗai, yana rera farkonta. Bayan mako guda a sake ɗauka, ba tare da sun saurari ta farko ba. Sai aji ya gwada. Wa ya tsaya mataki ɗaya? Wa ya hau, wa ya sauka?

Sa'an nan ku tattauna waɗannan, kowa ya rubuta amsa a littafinsa:

1. Mene ne bambancin ƙarfin amo da kaurinsa?
2. Ina bambancin kunne mai awo da kunne mai kwatance?
3. Ku kawo kalmomi 3 na Hausa da karin sauti ke raba ma'anarsu, ban da waɗanda muka faɗa.
4. A garinku, waɗanne abubuwa ne ke iya lalata kunnen yara? Me za ku yi a kai?

In akwai tsohon makaɗi a garinku, ku gayyato shi aji, ku tambaye shi yadda yake sanin tsarkiya ta kai, da shekarun da ya fara. Ku rubuta abin da ya ce, ku ba malaminku ya aiko mana. Kunne ya girmi kaka, amma abin da aka rubuta ya fi daɗewa.